Abin da Ya Sa Ikkilisiya Ta Ƙi Mai da Bishara Huɗu Ta Zama Ɗaya



A hutun da ya wuce, wani ƙanenmu da ke karatu a jami'a ya tare ni a bakin ƙofa bayan sujada, ya miƙo mini wayarsa. Abokin ɗakinsa ne ya turo masa jerin wurare sama da ɗari inda aka ce Littafi Mai Tsarki yana tufka da warwara. Mala'ika nawa aka gani a kabari, ɗaya ko biyu? Wane ne mahaifin Yusufu mijin Maryamu, Yakubu ko Heli? Ahaziya yana da shekara 22 ya hau sarauta, ko 42? Ya ce ya buɗe wuraren ɗaya bayan ɗaya, ya tarar abin da aka rubuta yana nan, kuma kwana uku ke nan ya kasa addu'a. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, tun ina makarantar Lahadi ba wanda ya taɓa gaya mini akwai wannan. Ko dai fastoci sun sani suna ɓoye mana ne?"

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ta fi sauran nauyi, kuma amsarta tana cikin tarihi. Yawancin abin da ke cikin jerin nan ya girmi wayar, ya girmi jami'ar, ya girmi ƙasar Najeriya da sama da shekara 1,500. Magabatanmu sun ji shi. Sau biyu ma aka kawo musu hanyar da za su share bambancin gaba ɗaya su huta, suka ƙi.

Wanda ya fara kawo musu hanyar shi ne Markiyon, attajiri mai jiragen ruwa daga garin Sinofe, a gaɓar Baƙin Teku, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ya zo Roma wajen shekara ta 140, ya ba ikkilisiyar can kyautar kuɗi mai tsoka. Markiyon ya rubuta littafi inda ya jera maganganun Tsohon Alkawari a gefe ɗaya, na Yesu a ɗaya gefen, don ya nuna suna karo da juna: can ido a bakin ido, nan juya ɗaya kuncin. Daga nan ya yanke hukunci cewa Allahn da ya halicci duniya dabam ne da Uban Yesu. Ya jefar da Tsohon Alkawari duka. Cikin bishara huɗu ya ɗauki Luka kaɗai, shi ma ya datse labarin haihuwa da duk abin da ya danganta Yesu da annabawa, ya haɗa da wasiƙun Bulus goma da ya tace. Littafinsa ya fito sumul, babu inda za ka kama shi da saɓani, domin wuƙa ta riga ta bi ta kan duk abin da zai kawo gardama. A shekara ta 144 ikkilisiyar Roma ta fitar da shi, ta kuma mayar masa da kuɗinsa.

Na biyun ya fi wuyar ƙi, domin da kyakkyawar niyya ya zo. Tatiyan mutumin ƙasar Asuriya ne, almajirin Justin wanda aka kashe a Roma saboda bangaskiya wajen shekara ta 165. Wajen 170 Tatiyan ya ɗauki Matiyu, Markus, Luka da Yohanna ya saƙa su wuri ɗaya kamar yadda masaƙi ke haɗa zare huɗu ya fitar da ƙyalle guda. Inda biyu suka faɗi abu ɗaya, ya bar ɗaya. Inda jerin aukuwar abubuwa ya bambanta, ya zaɓi jeri guda. Asalin Yesu da ke Matiyu 1 da Luka 3, wanda ya dami ƙanenmu, ance bai saka shi ba ko kaɗan. Aka kira littafin Diyatesaron, wato abin da aka fitar daga huɗu. Kuma ya karɓu ƙwarai. Ikkilisiyoyi masu magana da Suriyanci sun yi shekara sama da 200 suna karanta shi a sujada. Babban malaminsu Ifraimu ya rubuta sharhi a kansa. Ku tuna kuma a zamanin da hannu ake kwafar littafi a kan fata, littafi ɗaya ya fi huɗu araha nesa ba kusa ba.

Duk da haka aka ajiye shi. Rabbula, bishof na Edessa daga 411 zuwa 435, ya ba da umarni kowace majami'a ta mallaki bisharun a rarrabe, a kuma karanta su haka. Tiyodoret, wanda ya zama bishof na Kirus a 423, ya faɗa da bakinsa cewa ya tarar da kwafi sama da 200 na littafin Tatiyan a majami'un yankinsa, ya tattara su ya ajiye gefe, ya sa bishara huɗu a madadinsu. Ku yi tunanin aikin: kwafi ɗari biyu, kowanne watanni aka yi ana rubuta shi. Aka ɗauke littafin da ba a iya kama shi da baki biyu, aka kawo huɗu waɗanda kowane mai gardama zai iya jera su ya ce, ga shi nan, wannan ya ce ɗaya, wancan ya ce biyu. Mutumin da ke da abin ɓoyewa ba haka yake yi ba.

Tun wajen 180 Iraniyus, bishof na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya riga ya tsaya a kan cewa bishara huɗu ce, ba ƙari ba ragi. Hujjar da ya kawo, cewa kusurwoyin duniya huɗu ne, iskoki ma huɗu, ni dai ba za ta gamsar da ni ba. Amfaninta a gare mu shi ne ta nuna cewa a lokacinsa maganar ta riga ta zauna har yana ganinta kamar gabas da yamma. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne wanda Yohanna Kirisostom, mai wa'azin da aka yi wa laƙabi da Bakin Zinariya, ya faɗa wa jama'arsa a Antakiya wajen 390, a wa'azinsa na farko a kan Matiyu. Ya ce da a ce marubutan huɗu sun yi daidai a kowace kalma da kowane lokaci da wuri, da maƙiya sun ce haɗa baki suka yi. Ƙananan bambance-bambancen su ne suka wanke su daga wannan zargi, alhali a kan manyan abubuwa, wato zuwansa cikin jiki, da mu'ujizai, da gicciye, da binnewa, da tashi, bakinsu ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a gaban mai unguwa ana sauraron shaidu a kan rikicin iyakar gona ya san wannan. In shaidu huɗu suka zo suna rera magana iri ɗaya, kalma bayan kalma, dattawa kallon juna suke yi, don sun san an kitsa ta ne a zauren wani da daddare.

To, su waye suka fara tsara irin jerin da ya shigo wayar ƙanenmu? Wajen 178 wani masanin falsafa mai bautar allolin Girka, Kelsus, ya rubuta littafi yana sukar masu bi. Maganar mala'ika ɗaya ko biyu a kabari tana ciki. Har ya yi zargin cewa Kirista suna sake rubuta bishararsu sau uku sau huɗu don su kauce wa masu ƙaryata su. Bayan shekara 70, a 248, Orijen na Iskandariya ya amsa masa cikin littattafai takwas. Abin da nake so ku lura da shi shi ne yadda ya amsa: yakan kawo maganar Kelsus yadda take, sakin layi bayan sakin layi, sannan ya ba da tasa. Littafin Kelsus ya ɓace, amma yau ana iya karanta mafi yawansa, don Kirista ne ya kwafe shi cikin amsarsa. Wannan Orijen ɗin yana saurayi aka kashe mahaifinsa saboda Almasihu a 202, shi ma aka azabtar da shi a kurkuku a tsanantawar Sarki Desiyus ta 250, ya rasu 'yan shekaru kaɗan bayan haka. Ya san tambayoyin fiye da wanda ya turo wa ƙanenmu saƙo, ya kuma san abin da bangaskiya take jawo wa mutum, bai sake ta ba.

Wanda ya fi Kelsus kaifi shi ne Forfiri mutumin Taya, wanda ya rubuta littattafai 15 a ƙarshen ƙarni na 3. Ya karanta Nassi da idon mai neman aibu. Ya lura Markus 1:2 ya ambaci sunan Ishaya alhali sashen farko na maganar daga Malakai yake. Ya kama rigimar Bulus da Bitrus a Galatiyawa 2 ya ce manzannin ma kansu ba a haɗe yake ba. Da ikkilisiya ta sami ƙarfin gwamnati, sarakuna suka sa aka ƙone littattafansa, na ƙarshe a 448. A ganina wannan kuskure ne, kuma mu ne muka yi asara. Wuta ta cinye takardun, tambayoyin suka ci gaba da yawo, ga su nan har cikin wayoyinmu. Hanyar Orijen ta fi.

Bari mu tsaya a kan maganar mahaifin Yusufu, don a nan ne muke da amsa mafi tsufa, kuma halin mai amsar ya fi amsar kanta daraja a wurina. Matiyu 1:16 ya ce Yakubu ne, ya bi zuriyar ta kan Sulemanu. Luka 3:23 ya ce Heli, ya bi ta kan Natan, wani ɗan Dawuda. A farkon ƙarni na 3 wasu masu bi sun riga sun samo mafita mai daɗin ji: wai marubutan ba tarihi suke bayarwa ba, sun harhaɗa sunaye ne kawai don su nuna Yesu sarki ne kuma firist. Wani masanin tarihi Kirista, Yuliyus Afrikanus, ya rubuta wa Aristides wasiƙa ya ƙi wannan ƙememe. Ma'anar maganarsa ita ce ba a ɗaukaka Almasihu da ƙarya, ko da ƙaryar yabo ce.

Sai ya kawo nasa bayanin daga dokar auren gado da ke Maimaitawar Shari'a 25, abin da yawancin ƙabilunmu suka sani: in mutum ya mutu bai bar ɗa ba, ɗan'uwansa ya auri matar, ɗan fari da aka haifa kuma ya ɗauki sunan mamacin. Afrikanus ya ce Yakubu da Heli uwarsu ɗaya, uba kowa da nasa, ɗaya daga gidan Sulemanu, ɗaya daga gidan Natan. Heli ya mutu ba ɗa, Yakubu ya auri matarsa ya haifi Yusufu. Yusufu ɗan Yakubu ne ta jini, ɗan Heli ta shari'a. Ya ce labarin ya fito ne daga dangin Yesu da ke zaune a ƙauyukan Nazarat da Kokaba, waɗanda suka riƙe asalin gidansu. Amma a ƙarshe ya faɗa a fili cewa ba shi da wata shaida da za ta tabbatar da wannan, sai dai bai sami bayanin da ya fi shi ba. Daga baya, musamman tun zamanin Gyaran Ikkilisiya, wani bayani ya yaɗu, cewa Luka asalin Maryamu ya bi, Heli surukin Yusufu ne. Wataƙila shi kuka fi ji a wa'azi. Dukansu biyu suna iya yiwuwa. Abin da na ɗauka daga Afrikanus shi ne yadda ya raba abu uku bai cakuɗa su ba: abin da Nassi ya ce, abin da ya ji daga mutane, da abin da shi yake zato.

A ƙarni na 4 Yusibiyus, bishof na Kaisariya wanda ya rasu a 339, ya yi wani aiki da ya kamata kowane matashi ya sani. A lokacin babu sura babu aya. Surori sai a ƙarni na 13 suka zo, ayoyin Sabon Alkawari kuma sai 1551. Yusibiyus ya rarraba kowace bishara ƙanana-ƙanana, Matiyu kaɗai kashi 355, ya sa wa kowane lamba a gefe. Sannan ya tsara jadawali goma: na farko abin da duka huɗun suka faɗa, sai abin da uku suka faɗa, sai na biyu-biyu, na goma kuma abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa. Da wannan, mai karatu zai iya tashi daga labari a Markus ya sauka kan takwaransa a Luka nan take, ya ga inda suka dace da inda suka bambanta. Aka riƙa kwafar jadawalin nan a farkon littattafan bishara na Helenanci, Latinanci, Suriyanci da sauransu, har da tsofaffin littattafan gidan ibada na Abba Garima kusa da Adwa a Habasha, inda aka ƙawata su da zanen ginshiƙai da tsuntsaye. Wato kayan aikin da mai neman saɓani yake bukata, ikkilisiya ce ta ƙera shi, ta kuma sa shi a shafin farko. Shi dai wannan Yusibiyus ya rubuta cewa kwafi mafi inganci na Markus a zamaninsa sun tsaya ne a inda muke kira 16:8. In kun ga ɗan bayani a ƙasan shafi game da ƙarshen Markus a fassarorin zamani, ku sani ba jiya aka gano ba.

Sai Agustin, ɗan Afirka, wanda labarinsa ya fi kama da na ƙanenmu. An haife shi a 354 a Tagaste, garin da ake kira Souk Ahras a Aljeriya. Mahaifiyarsa Monika mai bi ce. Yana ɗalibi a Kartaj ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya raina shi, ya shiga ƙungiyar mabiya Mani, waɗanda sana'arsu ke nan yi wa Tsohon Alkawari ba'a da nuna saɓanin asalin Yesu. Shekara tara ya yi a cikinsu. Da nasa tambayoyin suka taso game da koyarwarsu, sai aka riƙa ce masa ya jira babban malaminsu Faustus. Da Faustus ya zo, Agustin ya tarar da mutum mai daɗin baki wanda ya iya rushe na wani amma ba shi da amsa a kan nasa. A Milan ya saurari wa'azin Ambros, aka yi masa baftisma a 387, ya koma gida ya zama bishof na Hippo, Annaba ta yau. Wajen shekara ta 400 ya zauna ya rubuta littattafai huɗu a kan jituwar masu bishara, yana bi labari bayan labari.

Abu biyu daga aikinsa suna warware fiye da rabin kowane jerin da za a turo muku. Na farko, marubutan ba su yi alkawarin jera kome bisa ranar da ya faru ba. Sau da yawa sukan kawo abu a inda ya dace da zancen, ko yadda ya zo musu a rai. Na biyu, mai faɗin gaskiya yana iya ba da maganar wani da kalmomi dabam muddin ma'anar tana nan. Ya kawo misalin hadari a teku. A Matiyu 8 almajiran roƙon ceto suka yi. A Markus 4 abin ya fi kama da ƙorafi, suna tambaya ko bai damu ba. A Luka 8 kiransa suka yi suna sanar da shi hallaka ta zo. Wanne suka faɗa? Ku tambayi wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Binuwai iska ta taso: kowa ihu yake da abin da ya zo bakinsa, nufin dai ɗaya ne. Ga shi kuma da Aramaik suka yi maganar, aka rubuta da Helenanci, mu muke karantawa da Hausa. Haka maganar mala'iku: wanda ya ambaci wanda ya yi magana bai ce shi kaɗai ne a wurin ba. In na ce na ga fasto a asibiti, matata ta ce ta ga fasto da dattijo, ba wanda ya yi ƙarya.

Amma wurin da na fi girmama Agustin shi ne Matiyu 27:9. A can an danganta wa Irmiya maganar azurfa talatin, alhali ta fi kusa da Zakariya 11. Agustin ya san akwai kwafin da ba su da sunan Irmiya, annabi kawai suka ce. Ga ƙofa a buɗe: ya ce waɗannan ne na asali, magana ta ƙare. Ya ƙi bi ta nan. Ya ce yawancin kwafi, har da tsofaffin na Helenanci, suna da sunan, kuma ya fi sauƙi a gane dalilin da zai sa mai kwafa ya cire sunan da ke kawo matsala, da a ce wani ya ƙara shi. Ya zaɓi karatu mai wuya don shi ne gaskiya, sannan ya nemi bayani, har ya tuna Irmiya ma ya sayi gona. Masana rubuce-rubucen dā har yau da wannan ƙa'ida suke aiki. Haka kuma da Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latinanci, ya ce rigimar Bulus da Bitrus shiri ne suka yi don koyar da jama'a, Agustin ya rubuta masa ya ce a'a: Bitrus ya yi kuskure da gaske, Bulus ya tsauta masa da gaske, in muka yarda akwai ƙarya mai amfani ko guda a cikin Nassi, to ba abin da zai rage. A cikin wasiƙun nan ne ya faɗi abin da yake yi in ya ci karo da wuri mai wuya: ko mai kwafa ya yi kuskure, ko mai fassara bai kama ma'anar ba, ko kuwa shi ne bai gane ba tukuna.

Ba kowace amsarsa ce ta yi kyau ba. Markus 15:25 ya sa gicciyen a sa'a ta uku, wajen ƙarfe tara na safe, Yohanna 19:14 kuma ya nuna wajen sa'a ta shida Yesu yana gaban Bilatus. Agustin ya ce wai a sa'a ta uku Yahudawa suka gicciye shi da harshensu, sojoji kuma da hannu daga baya. Wannan an matsa wa Nassi ne ya faɗi abin da bai faɗa ba, ya kuma ƙara wa Yahudawa nauyin zargin da ya jawo musu wahala ƙarnuka da yawa. Ni na fi ganin sauƙin abin a wurin kakanninmu. Mutanen da ba su da agogo rana suke kallo. Tambayi tsofaffi biyu a ƙauye yaushe baƙo ya iso, ɗaya ya ce da hantsi, ɗaya ya ce rana ta kusa tsaka, kuma Yohanna da kansa kimantawa ya yi.

Garin neman gira akan rasa ido. A 1537 wani malamin Lutheran a Nuremberg, Andreas Osiander, ya ɗauka cewa kowane mai bishara ya jera kome daidai bisa lokaci, saboda haka duk inda aka sami ɗan bambanci, abin sau biyu ya faru. Sakamakon haka, a littafinsa an tsabtace Haikali sau uku, 'yar Yayirus kuma an tashe ta fiye da sau ɗaya. John Calvin, a sharhinsa na 1555, ya yi masa dariya a kan yadda ya ninka makafin Yariko. Martin Luther kuwa, da ya zo kan tambayar ko a farkon hidima aka tsabtace Haikali ko a ƙarshe, cewa ya yi in an kasa warwarewa a bar shi, ba ya taɓa tushen bangaskiya. Har a 1976 wani marubuci a Amurka ya ce Bitrus sau shida ya yi musun Ubangiji, don dai ya daidaita carar zakara, alhali duka bishara huɗun uku suka ce. Irin wannan kariya ta fi zargin ɓarna, domin yaro mai wayo yana jinta zai gane an yi masa rufa-rufa.

Saura Ahaziya. 2 Sarakuna 8:26 ya ce 22, rubutun Ibrananci na 2 Tarihi 22:2 ya ce 42. A nan ba sai an yi dogon wa'azi ba. Sura ɗaya kafin nan, 2 Tarihi 21:20 ya nuna mahaifinsa Yehoram ya hau sarauta yana da 32, ya yi shekara 8, wato ya mutu yana da 40. Ɗa ba ya girme ubansa da shekara biyu. Lambar 22 ce daidai, tsohuwar fassarar Suriyanci ma haka ta ce, 42 kuwa tuntuɓen alƙalamin mai kwafa ne. Malaman Yahudawa da suka riƙa kwafar rubutun ƙarni bayan ƙarni sun iya lissafi, har haruffa suke ƙirgawa. Sun ga matsalar, suka bar lambar yadda suka same ta, don ba su yarda hannunsu ya taɓa abin da aka ba su amana ba. Saboda haka ne ma muke iya gano kuskuren mu gyara shi daga cikin littafin kansa. Wasu lambobin sarakuna kuwa da aka daɗe ana ce musu kuskure, Edwin Thiele ya nuna a littafinsa na 1951 cewa Yahuda da Isra'ila ba hanya ɗaya suke ƙirga shekarun sarauta ba, ba a wata ɗaya suke fara shekara ba, kuma ɗa yakan yi mulki tare da ubansa, kamar Yotam lokacin da kuturta ta kama Azariya.

Yadda jerin ya iso ƙasarmu ma yana da tarihi. A watan Afrilun 1854 aka yi muhawara a Agra ta Indiya tsakanin ɗan mishan Karl Pfander da Shaihu Rahmatullah Kairanawi. Shaihun ya zo da littattafan masanan Turai a kan bambancin kwafi, Pfander kuwa bai shirya wa wannan ba, ya sha wuya a gaban jama'a. Bayan shekara 10 Shaihun ya wallafa Izharul Haƙƙ da Larabci, littafin da Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu ya ce shi ya sa shi a hanyar muhawara, kasakasan Deedat da ƙananan littattafansa kuma suka cika kasuwanninmu. Yanzu marasa yarda da Allah a intanet sun ɗauki jerin su ma. Na faɗi wannan ne don mu san abokin ɗakin nan ba maƙiyi ba ne. Abin da ya gada ya turo, wataƙila shi ma bai buɗe ko ɗaya ba. Mu kuma a ƙasar nan mun san abin da gardamar addini take iya haifarwa in aka yi ta da zafin kai da cin mutunci. 1 Bitrus 3:15 da ya ce mu zauna a shirye da amsa, a numfashi ɗaya ya ɗora mana tawali'u da ladabi.

Na zauna da ƙanenmu a kan benci har masu shara suka gama. Cikin jerin, mun bi goma sha biyu. Yawancinsu da muka karanta ayoyin da ke gaba da baya sai suka warware da kansu. Biyu kuskuren lamba ne irin na Ahaziya. Mutuwar Yahuza, tsakanin Matiyu 27 da Ayyukan Manzanni 1, na gaya masa bayanin da aka saba bayarwa, cewa ya rataye kansa daga baya gawar ta faɗo ta fashe, na kuma gaya masa wannan haɗawa ce tamu, kamar yadda Afrikanus ya bambanta nasa zaton da Nassi. Ya tambaye ni ko zai iya nuna wa abokin nasa haka. Na ce ya nuna masa duka, har da wanda muka ce kuskuren mai kwafa ne.

Ranar Laraba mai zuwa a zumunta za mu karanta labarin tashin Ubangiji daga Matiyu 28, Markus 16, Luka 24 da Yohanna 20 gefe da gefe. Kowa ya zo da Littafinsa, da biro, da takarda da ya raba gida huɗu.